Maigida na son a ɗaga motar gida? Ga abin da ya kamata ki sani kafin a kai ta gareji

Uwargida, da zarar damina ta kankama, hanyar garinku ko ta gona takan koma taɓo da ramuka. Lokacin ne za ki ji maigida ko babban ɗanki na cewa a ɗaga Hilux ɗin nan, a sa mata manyan tayoyi, ta daina gogar ƙasa. Kada ki ce wannan zancen maza ne. A motar nan ake kai yaranki makaranta, a cikinta kike zuwa awo da biki, kuɗin aikin kuma daga aljihun da ake cefane zai fito.

Ɗaga a-kori-kura iri uku ne. Na farko shi ne a cusa zoben ƙarfe a saman sifirin na gaba don gaban motar ya yi daidai da bayanta. Shi ya fi araha, amma tsohon sifirin da tsohuwar shokazoba na nan yadda suke. Na biyu, a ɗaga bodi kaɗai daga kan ƙashin motar. Za ki gan ta dogo, alhali ƙashin nata bai ƙara nisa da ƙasa ba. Na uku shi ne a canza sifirin da shokazoba gaba da baya da waɗanda aka ƙera don wannan aiki. Shi ne mai tsada, shi ne kuma ya fi dacewa da motar da ke shan kaya da mummunar hanya.

Akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. A tsakiyar ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya akwai wani ƙullutu mai kama da tulu, yana cikin abubuwan da ke fara dukan dutse ko tudun tsakiyar hanya. Ko nawa aka ɗaga sifirin, wannan tulun yana inda yake. Taya ce kawai ke ɗaga shi, ita ma kaɗan. In aka cire taya mai lamba 265/65R17 aka sa 265/70R17, ƙarin tsayin bai kai santimita 1.5 ba. Sannan maleji zai riƙa nuna ƙasa da gudun gaskiya: yana nuna 100, motar na kan 103 ko fiye.

Mota in ta ƙara tsayi, nauyinta ya hau sama, kuma ta fi saurin kifewa a kwana ko lokacin da direba ya fizgi sitiyari don kauce wa akuya ko ɗan acaɓa. Kin san yadda doguwar tukunya ta fi kwano saurin tuntsurewa. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin ta yi gwajin kauce wa abu ba zato da sabuwar Hilux wadda ba a taɓa ba, sai tayoyinta biyu suka tashi sama a gudun kusan kilomita 60 a awa, har kamfanin ya yi gyara daga baya. To ina ga wadda aka ƙara wa tsayi, aka ɗora mata buhunan masara?

Abu na biyu ya fi shafar ki. Duk lokacin da hancin mota ya ƙara tashi, filin da direba ba ya gani a gabansa yana ƙara faɗi. Yaron da ya fara tafiya, in ya tsaya gaban motar a ƙofar gida, babansa na iya tayar da ita bai gan shi ba. A 2023 cibiyar IIHS ta Amurka, mai binciken haɗurran mota, ta bayyana cewa motocin da gabansu ya haura inci 40 sun fi masu inci 30 ko ƙasa da haka kuma masu gangaren gaba yin sanadin mutuwar mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100. Ki yi wannan gwaji a gida: a kashe motar, maigida ya zauna a mazaunin direba, ki ajiye bokiti a gabanta kina ja da shi baya har sai ya ce ya gan shi. Ki auna tazarar, a sake aunawa bayan an ɗaga.

Manyan tayoyi kuma sun fi nauyi, don haka birki ba zai kama da wuri kamar da ba, mai zai ƙara tafiya, kowace taya in ta ƙare sai an biya fiye da da.

In duk da haka hanyarku ta sa dole a ɗaga, ga abin da za ki roƙa a kiyaye.

A tsaya a inci 2, wato santimita 5. Hilux ɗin da aka ƙera daga 2005 zuwa yau, da irin su Ford Ranger da Mitsubishi L200, kowace tayar gaba da hannunta take motsi. In aka wuce wannan tsayi, sandunan da ke juya tayoyin gaba sukan karkace da yawa, robarsu ta yage, su riƙa lalacewa da wuri, sai an ƙara sayen wasu ƙarafa na gyara. Hotunan da yaranki ke nuna miki a waya na motocin da aka ɗaga inci 6, galibi manyan motocin Amurka ne irin su Ford F-250 da Ram 2500, kuma kayansu ba za su shiga taku ba.

A zaɓi sifirin gwargwadon kayan da motar ke ɗauka kullum, ba na ranar girbi kaɗai ba. Kamfanoni irin su Old Man Emu da Dobinsons da Ironman 4x4 na Ostireliya suna rarraba sifirinsu bisa nauyin da zai zauna a kai. In aka sa na kaya masu nauyi a motar da yawanci ba komai a bayanta, za ta riƙa tsalle tana jijjiga ku, abin da mai ciki ko tsohuwa ba za su jure ba. Ki kuma sani cewa sabon sifirin bai ƙara adadin nauyin da kamfani ya ƙayyade wa motar ba, domin birki da ƙashinta na nan yadda suke.

A sayi saiti guda, sifirin da shokazoba da aka yi don juna kuma don wannan samfurin motar da shekararta. Ko a Ƙofar Ruwa a Kano za a saya, ko a Panteka a Kaduna, a duba lambar kayan, a karɓi rasit. Kada a yarda makanike ya jera tubalan ƙarfe ɗaya kan ɗaya a ƙarƙashin sifirin baya, ko ya yanka ya yi walda don ya rage kuɗi.

Bayan an gama, a saita tayoyi a kan na'ura, a duba cewa tiyon birki da wayoyinsa ba su ɗame ba, a sunkuyar da fitilun gaba don kada su kashe wa masu tahowa ido. In an yi tafiyar 'yan kwanaki a koma a sake ɗaure notuna. Motar da ke da garanti ko inshora, a tambaye su tun kafin a taɓa ta. A kuma sa matakala a gefe, saboda ke da goyo, da Hajiya mai ciwon gwiwa.

Kada tsayin ya ruɗi direba ya shiga rafin da ya kawo ruwa. Ruwa mai gudu na tafiya da doguwar mota kamar yadda yake tafiya da gajera.

Wata sa'a ma motar ba ɗagawa take buƙata ba. Sifirin da ya shekara goma yana ɗaukar taki yakan kwanta, bayan motar ya zauna. A fara sa sabo na asali da shokazoba mai kyau da tayoyin da suka dace da hanyar ƙasa, a ga yadda za ta yi damina ɗaya. Ki samu lokacin da maigida ke cikin nishaɗi ki ce masa, "Baban yara, mu fara auna abin da ba ka gani a gaban motar tukuna." In an taɓa ɗaga taku, ki faɗa wa 'yan'uwa a ƙasa inci nawa aka yi da abin da kuka gani bayan nan.