Ba nauyin buhu kaɗai ke karya katako ba

Da zarar kaka ta yi a Korahane, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, mukan ga 'yan kasuwa na jera buhunan gero da wake bisa katako ko azara, don gudun laima da gara. Wani lokaci katakon ya karye, buhu ya fashe, uwar kuɗi ta zube ƙasa. Sai mu ce kaya ne ya yi yawa. Amma inda aka aza kayan ma yana da nasa laifin.

Nauyi na yi wa katako illa iri biyu. Yana lanƙwasa shi, abin da ya fi tsanani a tsakiya. Yana kuma neman datse shi kamar almakashi, musamman kusa da inda aka tokare shi. A shekarar 1919 wani malamin lissafi na Kambirij a Ingila, W. H. Macaulay, ya bayyana dabarar da injiniyoyi ke auna wannan da ita har yau: ana bin katakon daga wannan kai zuwa wancan, kowane kaya ana ɗaukarsa sifiri har sai an iso inda yake, sannan ya shiga lissafi.

Lissafin ya nuna kayan da aka tara a tsakiya na matsa wa katako ninki biyu na yadda zai matsa in an baza shi ko'ina.

Don haka 'yan uwa, mu baza buhunanmu, mu kuma ƙara tokari a tsakiya. Bulo biyu sun fi buhun gero araha.