Daga Tsumma Zuwa Itace: Labarin Takarda



Ga wata tambaya. Me ya sa tsohon Alƙur'ani rubutun hannu, wanda kakanni suka bari a gafaka, takardarsa ke nan da ƙwarinta bayan shekara ɗari da ɗoriya, alhali jaridar bara tuni ta yi ja tana ruɓewa? Amsar tana cikin tarihin takarda.

A ƙasar Sin aka faro. A shekara ta 105 miladiyya, wani bafaden sarki mai suna Cai Lun ya jiƙa ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin komar kamun kifi, ya daka su har suka zama kamar kunu, ya tace a faifai, ya shanya. Sannu a hankali sana'ar ta yo yamma. Masu tarihi kan danganta isowarta Samarƙandi da yaƙin Talas na shekarar 751, kuma a zamanin Haruna Rashidu an riga an kafa masana'antarta a Bagadaza. Daga hannun Musulmi ta shiga Andalus, sannan Italiya.

Daga Italiyar ne fatake suka riƙa ɗauko ta, ta hanyar Tarabulus, su ratsa Sahara a kan raƙuma zuwa Borno da Kano. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya tarar da ita a kasuwar Kano a 1851. In ka ɗaga irin wannan takarda a hasken rana, za ka ga hoton jinjirin wata guda uku a cikinta. Wannan ita ce takardar malamanmu, kuma da tsumma aka yi ta.

To, ina itace ya shigo? Bayan da injin ɗab'i ya bazu a Turai, sai tsumma ya yi ƙaranci. A 1719 wani masani Bafaranshe mai suna Réaumur ya lura da rina. Ita rina takan kankare busasshen itace, ta tauna da yawunta, ta gina gida mai kama da takarda. Ya ce in dai ƙwaro zai iya, mutum ma zai iya. Sai a 1844 wani Bajamushe, Friedrich Keller, ya ƙera injin niƙa itace.

A yau ga yadda ake yi. A sare itace, a ɓare ɓawon, a daddatsa shi ƙanana, a dafa da sinadarai. Dahuwar ce ke raba zaren itacen da wani irin danƙo da ke manne shi. Sai a wanke, a tsarma da ruwa, a kwarara a kan raga mai gudu, a matse, a busar, a naɗe.

Ga amsar tambayarmu. Takardar jarida niƙa itacen kawai ake yi, danƙon yana ciki, shi ne ke sa ta ja in ta sha iska da rana. Ta tsumma kuwa kusan zalla zare ce, shi ya sa take daɗewa.

Najeriya ta gina manyan masana'antun takarda uku a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma yau galibin takardar da muke buga littattafai daga waje ake shigo da ita. Da dala ta tashi, littafin ɗan makaranta ya tashi.

Iyayenmu ba su tsallake takarda mai rubutu a ƙasa, tsincewa suke yi, don gudun ko da sunan Allah a jiki. Mu riƙe wannan tarbiyya. Mu rubuta gaba da baya, kuma wanda ya sare itace ya dasa wani.