Shin Ko Kun San? Harajin da Ya Raba Amurka da Ingila

Shin ko kun san Amurka ma ta ɗanɗani mulkin mallaka? Yankuna 13 ne a gaɓar Tekun Atlantika, duk a ƙarƙashin Sarki George na Uku.

Bashi ne mafarin rigimar. Ingila ta ci Faransa da yaƙi a 1763, amma baitulmali ya rame. Sai majalisar Landan ta kafa doka a 1765: jarida, takardar kotu, lasisi, har kartar da ake bugawa, duk sai da hatimin haraji. Mutanen yankunan suka ce ba su da wakili ko ɗaya a majalisar nan, da wane dalili za ta zura hannu a aljihunsu? Suka ƙaurace wa kayan Ingila har aka soke dokar a 1766.

Shin ko kun san dokar shayi ta 1773 araha ta jawo wa ganyen? Duk da haka suka ƙi, don saye na nufin sun yarda da harajin da ke kansa. Daren 16 ga Disamba, wasu mutanen Boston suka hau jiragen ruwa uku, suka farfasa akwatuna 342 da gatari, suka zubar da ganyen a teku. Nan ne, a ganina, zancen ya fito fili: waye ke da ikon yanka wa jama'a haraji?

Shin ko kun san wanda ya fi zuga su haifaffen Ingila ne? Thomas Paine bai cika shekara biyu da sauka a Amurka ba ya fitar da ɗan littafinsa a Janairun 1776, yana sukar sarautar gado da harshen da talaka zai gane. Aka riƙa karanta shi da ƙarfi a wuraren taruwa. Kafin shi, masanin falsafa John Locke ya koyar cewa halascin mulki yana ga yardar waɗanda ake mulka, kuma wannan tunanin ne ƙashin bayan sanarwar 'yanci ta 4 ga Yuli, 1776.

Ga wanda ke sosa mini rai. Thomas Jefferson, da ya tsara wannan sanarwar mai shelar daidaiton 'yan Adam, ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. A lokacin, kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan bawa ne, yawanci jikokin waɗanda aka kwaso daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Sakin layin da ya soki cinikin bayi ma, wakilai sun cire shi kafin su amince da sanarwar. Sai a 1865, bayan shekara 89, aka haramta bauta a Amurka baki ɗaya.