Inshorar rai a Damargu: wa ke iya biya, kuma yaushe?

A nan muna rarrabe inshorar rai iri biyu: wadda ake biyan magada idan mai ita ya rasu, da wadda ake tara kuɗi cikinta domin tsufa. Dukansu suna ƙarƙashin dokar CIMA, wadda ta fito daga yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu a Yawunde a 1992. A 2012 aka ƙara mata sashen ƙaramar inshora.

A gundumomin Tanut da Belbeji, a ganinmu, lokacin shigowar kuɗi ya fi yawan dukiya tasiri. Malamin makaranta mai albashi, in ya ci bashin banki a Damagaram, galibi akan haɗa masa inshorar mutuwa, ko bai nema ba. Manomin gero kuwa sau ɗaya kuɗinsa ke zuwa, da kaka. Makiyayi kuma garkensa ne asusunsa. Biyan wata-wata bai dace da su ba, shekarar fari irin ta 1984 ma katse shi za ta yi. Ga kuma shakkar wasu malamai game da riba. Saboda haka nauyin marayu yakan koma kan dangi, da adashe, da habbanaye.