Layin da ke ɓuya a cikin kwalta: yadda ƙasashen sanyi ke kare fentin titi

A ƙasashen da hunturu ke zuwa da dusar ƙanƙara, farin layin da ake shafawa a titi ba ya yin ƙarko. Da zarar dusar ta sauka, sai motocin share hanya su fito da faffaɗan bakin ƙarfe suna kankare kwalta, su tafi da fentin gaba ɗaya. A Norwe da Suwidin da Finlan, tayoyi masu ƙusoshi da ake sawa don gudun santsi su ma suna cinye abin da ya rage, ga kuma yashi da gishirin da ake barbaɗawa. Kafin sanyi ya wuce, direban dare kan rasa inda gefen hanya yake.

Dabarar da injiniyoyi suka ɓullo da ita ita ce a fafe kwalta da inji, a yi ɗan kwarmi mai zurfin milimita kaɗan, sannan a zuba fenti ko narkakkiyar roba a ciki. Bakin ƙarfen sai ya bi ta sama ba tare da ya taɓa layin ba. Norwe da jihohin Amurka masu tsananin sanyi, irin su Minesota, suna amfani da wannan hanya. Aikin ya fi tsada da farko, amma yana rage yawan sake shafa fenti da rufe hanya ga matafiya.

Abin da ake karewa a zahiri shi ne ƙananan ƙwayoyin gilashi da ake yayyafawa a kan fentin tun yana ɗanye. Su ne ke mayar da hasken fitilar mota zuwa idon direba. Idan suka zube, layin yana nan da rana, amma da dare tamkar babu shi.

Sai dai kwarmin da ke kare layi daga ƙarfe shi ne kuma ke tara ruwa. Idan aka yi ruwan sama ko ƙanƙara ta narke, ruwa kan kwanta a ciki ya rufe ƙwayoyin, hasken fitila ya zarce gaba maimakon ya dawo. Ƙura da yashi ma sukan taru su dusashe farin. Don haka ake haɗawa da manyan ƙwayoyi masu leƙowa saman ruwa, ko ƙwayoyi na musamman masu haskawa ko da a jiƙe, ko a zuba layin gudaji-gudaji domin ruwa ya samu hanyar wucewa.

Hukumomi ma sun daina wadatuwa da ganin fenti kawai. A 2022 hukumar manyan hanyoyi ta tarayyar Amurka ta kafa mafi ƙarancin hasken da dole layi ya mayar a titunan da ake gudun mil 35 a sa'a ko fiye. A Tarayyar Turai kuwa, tun daga Yulin 2024 wajibi ne kowace sabuwar mota ta zo da na'urar da ke hana ta kauce wa layinta, kuma kyamarar na'urar da wannan fentin ta dogara.

Saboda haka ba a auna nagartar layi da yawan hunturun da ya jure kaɗai. Ana kuma duba ko direba zai hango shi daga nesa a daren da ake ruwa, lokacin da kuskure kaɗan kan iya jawo asarar rai.