Kada Paris ɗin Amélie ta ruɗe ku

Na gaji da guntayen bidiyon nan da matasa ke tura wa juna a waya. Za ka ga budurwa mai gajeren gashi da dara-daran idanu tana tafiya a titi fes, kiɗan fiyano na tashi a hankali, a ƙasa an rubuta "rayuwar Turai". Masu sharhi kuwa sai "Allah ka kai mu". Yawancinsu ba su san ma daga inda aka yanko hoton ba. Fim ne na soyayya da barkwanci daga Faransa mai suna Amélie, ya fito a 2001. Jean-Pierre Jeunet ne ya ba da umarni, Audrey Tautou ce jarumar, kiɗan kuma na Yann Tiersen ne.

Amélie ma'aikaciya ce a gidan shan kofi na Deux Moulins da ke unguwar Montmartre. A daren da aka sanar da mutuwar Gimbiya Diana a 1997, murfin kwalbar turare ya suɓuce mata, ya gangara ya bugi bangon banɗaki, sai ga wani ɗan gwangwani cike da kayan wasan da wani yaro ya ɓoye kusan shekara 40 baya. Ta bi diddigi har ta gano mai shi, ta mayar masa a ɓoye, dattijon ya zub da hawaye. Daga nan ta ɗaura ɗamarar gyara rayuwar mutane, har ta faɗa son Nino, saurayin da ke tsintar yagaggun hotunan fasfo da mutane ke yarwa a tashoshin jirgi.

Fim ɗin da daɗi, wannan babu gardama. Ba harbe-harbe, ba ihu. Akwai wurin da ta kama hannun wani makaho ta tsallakar da shi titi, tana zayyana masa da sauri duk abin da suke wucewa: farashin nama, ƙamshin kankana, jaririn da ke kallon kare. Mai taurin zuciya ma sai ya murmusa. Mutum sama da miliyan 8 suka shiga sinima suka kalle shi a Faransa, ya ci lambobin César 4, ya shiga takarar Oscar a rukuni 5.

To amma wannan Paris ɗin ƙera ta aka yi. Kafin a kunna kyamara sai an share titi, an goge rubuce-rubucen bango, an kawar da motoci, an sauya fastoci. Bayan ɗauka kuma aka zauna gaban kwamfuta aka rina hoton da kore da ja da ruwan zinariya. Ɗakin amarya ne ranar buɗar kai: rabin kayan na aro ne, tarkacen kuma an tura su ƙarƙashin gado. Su kansu Faransawa ba su yi shiru ba. A shekarar da fim ɗin ya fito, mai sharhin finafinai Serge Kaganski ya rubuta a jaridar Libération yana zargin Jeunet da nuna Paris wadda aka tsame baƙi da baƙaƙen fata daga cikinta. Masu kare fim ɗin suka ce ai ga Jamel Debbouze, ɗan asalin Maroko, a ciki. Haka ne, yana ciki, amma Lucien aka raɗa masa, kuma yaron shago ne da maigidansa ke yi wa wulaƙanci kullum.

Montmartre tana gunduma ta 18 ne a birnin. Gangaro daga tudun Montmartre ta gabas da ƙafa, nan da nan kana Barbès da Goutte d'Or da Château Rouge, inda 'yan Mali da Senegal da Kwango da Aljeriya suka cika hanya, ana cinikin busasshen kifi da manja da atamfa. A arewacin wannan gunduma ɗin dai Porte de la Chapelle take, inda 'yan gudun hijira daga Sudan da Eritrea da Afghanistan suka sha kafa tantuna a gefen titi, 'yan sanda suna tashin su, suna dawowa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kyamarar Jeunet ba ta leƙa ba. Sannan ku lura, yarinyar da ke kai wa mutane kofi tana zaune ita kaɗai a gida mai ɗan karen kyau, ba a taɓa nuna ta tana lissafin kuɗin haya ba. Da yawa daga masu shara da wanke-wanke a birnin daga bayan gari suke shigowa, irin su Seine-Saint-Denis, a jirgin ƙasa tun da asuba.

Alherin nata ma akwai shiga sharo ba shanu a ciki. Ta shiga gidan maigidan Lucien ba izini, ta musanya masa man goge baki da man shafa ƙafa, ta kuma ƙirƙiro wa wata bazawara wasiƙar ƙarya da sunan mijinta da ya mutu. Soyayyar kuwa ba ta da kauri, don ita da Nino ba su yi wata hirar kirki ba kafin su faɗa son juna.

Iyaye, kada fuskar salihar yarinya a jikin fasta ta yaudare ku. Ba fim ɗin yara ba ne. Nino a shagon kayan batsa yake aiki, akwai kuma wuraren da ba za ka so ɗanka na zaune kusa da kai ba, shi ya sa a Amurka aka sa shi a rukunin manya. Ku fara kallon kowane fim kafin ya shiga falo, ko da an ce muku na dariya ne.

Ku kuma matasa, musamman na Maraɗi da Damagaram da Yamai da ke jin Faransanci kuna kallon tashoshin Faransa kai tsaye, in har tafiya Paris na ranku, ku daina tambayar ɗan'uwan da ke can ko garin da kyau. Ku tambaye shi nawa yake biyan haya, su nawa ne a ɗaki, wata nawa ya yi yana jiran takardar zama, me ke saura a hannunsa ƙarshen wata, yaya yake yi da sanyin Janairu. In ya fara kame-kame, kun sami amsa. Sannan ku haɗa kallon da wasu finafinan. Mathieu Kassovitz, wanda ya fito a matsayin Nino, shi ne ya shirya La Haine a 1995, kan matasan bayan garin Paris da 'yan sanda. Akwai kuma Les Misérables na Ladj Ly, ɗan asalin Mali, da ya fito a 2019, wanda aka ɗauka a Montfermeil inda ya tashi. Su ma na manya ne, harshensu da kaushi. Duk wanda zai sayar da gona ko babur saboda Paris, ya kalli waɗannan biyun tukuna.