Kujerar Adawa da Matan Arewa

Jama'a masu saurare, musamman mutanen Shanga, Yawuri da Ngaski, da masunta da 'yan kwale-kwale na bakin tafkin Kainji.

Matasa da yawa ba su san cewa mace ta taɓa riƙe kujerar mazaɓar Shanga, Yawuri da Ngaski a Majalisar Wakilai ba. A 2007 Hajiya Halima Hassan Tukur ta tafi Abuja a ƙarƙashin PDP, jam'iyyar da ke mulki a lokacin. Da 2011 ta zo, rigimar tikiti tsakaninta da Garba Umar Uba ta kai har Kotun Ƙoli, kujerar kuma ta koma hannunsa. To, wannan fa 'yar jam'iyya mai ci ke nan. Ina ga wadda ta fito daga adawa?

A 2007 ɗin ne Khadija Bukar Abba Ibrahim ta shiga majalisar daga Yobe a tutar ANPP. Sai dai ita 'yar Waziri Ibrahim ce na GNPP, mijinta kuma tsohon gwamna. Ba rage mata ƙoƙari muke yi ba, amma mata nawa ne a Shanga ke da irin wannan bango? A'isha Jummai Alhassan, Mama Taraba, ta ci Sanata a PDP a 2011, ta sauya sheƙa zuwa APC tun tana adawa, ta nemi gwamna a 2015, ba ta samu ba.

Wahalar tana farawa tun kafin ranar zaɓe. Kuɗin fom, kuɗin deliget, kuɗin motar magoya baya. Ga taron manya da ba a fara shi sai bayan sha biyun dare, a falon wani ubangida. Namiji ya saɓa babbar riga ya tafi. Matar aure in ta je, kafin gari ya waye maganarta ta cika majalisar mai shayi. In ta ƙi zuwa, ta tashi ta tarar an raba komai. Wani kuma ya hau mumbari ya ce mace ba ta shugabanci, alhali wakilci ake magana, kuma malamai kansu sun saɓa a kan batun. Zagin da aka yi wa Hajiya Gambo Sawaba a zamanin NEPU, lokacin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita, shi ake yi yau, illa dai ya koma Facebook.

In 'yar adawa ta tsallake ta shiga zauren majalisa, kwamitoci masu maiƙo galibi na masu rinjaye ne. Aikin mazaɓa kuwa ma'aikatun gwamnati ke sakin kuɗinsa, kuma sun san nasu. Ku tuna 2021 a Ngaski: hatsarin jirgin ruwa kusa da Wara a watan Mayu, sannan sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni. A irin wannan rana uwar da 'yarta ke daji ba ruwanta da jam'iyya, wanda za a ɗaga wayarsa take nema. 'Yar adawa ta san haka, shi ya sa wasu ke sauya sheƙa, mu kuma mu ce kwaɗayi ne.

Majalisar Dattawa ta yanzu mata huɗu ke cikinta, cikin kujeru 109. Ɗaya daga cikinsu, Natasha Akpoti-Uduaghan ta PDP, an dakatar da ita wata shida a Maris 2025 bayan takun saƙa da shugaban majalisar, Godswill Akpabio. Kudirin ware wa mata kujeru na musamman kuwa, majalisa ta yi watsi da shi a Maris 2022. Wasu na cewa kujerar alfarma ba ta da daraja. Ni dai a ganina, a jam'iyyun da deliget ke bin mai jaka, gara a buɗe wannan ƙofar tukuna, a yi gardamar daraja daga baya.

Bayan wannan 'yar sanarwa za mu buɗe layi. Matan Shanga muke so su fara kira.